Ɗumamen Karen Madam

Na tashi a gidan da ko kare ya leƙo zaure sai yara sun bi shi da jifa har bakin kwata. Ni ɗin ce kuma Allah ya ɗauko ya kawo New York na zama mai ɗumama wa kare abinci. A ɗumama, a juya, a taɓa a ji ko ya yi daidai da bakin mai girma. Har yau Innata ba ta sani ba. In ta tambaye ni a waya wane aiki nake yi, sai in ce ina kula da wata tsohuwa, kuma ban yi ƙarya ba, akwai tsohuwa a gidan. Sai dai ita ko shayi da biskit ka ajiye mata sai ta gode maka sau uku. Ainihin mai gidan ƙafa huɗu gare shi.

Lokacin 'yata tana wata goma, ita ce ta fari, kuma ba ta cin abinci. Nono take sha, shi ma kamar alfarma take yi min. Na dama kunu, na murje dankali, na matse ayaba da cokali har ta zama ruwa, yarinyar nan sai ta datse baki ta juya kai ta kama kallon bango. Ranar awo nas ta ɗora ta a sikeli, ta duba lamba, ta duba takarda, ta sake duba lamba. Ta nuna min wani layi mai hawa sama, da ɗigon 'yata can a ƙasansa shi kaɗai. Ni a aji huɗu karatuna ya tsaya, ban san me aka rubuta ba, amma fuska na iya karanta ta. Tafintan da ke magana ta waya ya ce min an ce in dawo bayan sati huɗu, ana so a ga ta ƙaru.

Da na faɗa wa matan benenmu na Morris Heights a ɗakin wanki, Allah ya saka musu, sun kwantar min da hankali sosai. Ɗaya ta ce a ƙasar nan in yaro ya rame sai dai ki ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, masu takarda ne na hukuma sun zo ɗauke shi. Wata ta ce ai ƙawar ƙanwar kishiyar yayarta haka aka yi mata. Babu wadda ta gani da idonta, amma kowacce ta san wadda ta san wadda aka yi wa. Daga ranar na koma auna 'yata da hannu. In ɗaga ta da safe, in ɗaga ta da azahar, in ce wa Babanta shi ma ya ɗaga ya ji.

"Ta yi nauyi," in ji shi.

"Ai da tawul ka ɗaga ta."

Aikin kuwa Anti ce ta samo min, wata babbar mace 'yar Zangon Kumasi da ke zaune a samanmu, ta daɗe tana aikin kula da tsofaffi har gwiwoyinta suka ce sun gaji. Abin da ya ja ni shi ne tsohuwar ta yarda in riƙa zuwa da 'yata.

"Amma akwai kare," in ji Anti.

"Kare kamar yaya?"

"Kare kamar kare. Wutsiya, haushi. Kin zaro ido kamar na ce zaki."

"Anti, sallata fa?"

"Ki sa zanen salla a leda ki ɗaure. Ni shekara nawa ina yi, ko kin ji an ce na koma coci? Aikin yana da sauƙi paa, sauƙi sosai. Tsohuwa ba ta da matsala. 'Yarta ce matsala, ita kuma a waya take zaune."

Haka muka fara. Da safe in goya ta, in sa rigar sanyi a kanmu mu biyu, mu hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu, mu wuce 125th Street, mu gangara har unguwar da masu gadin ƙofa ke sa safar hannu fara kamar za su yi tiyata.

Na zaci zan tarar da kare. Abin da na tarar bai fi girman kaza ba, fari, tsoho, idonsa na ruwa, haƙoransa ba su kai yatsun hannuna ba. Yana da rigar sanyi guda uku, ni biyu gare ni. Yana da likitan haƙori. Yana da suna, sunan mutum sak, wanda ba zan kira ba don akwai mutanen kirki masu irinsa. A jikin firji an manna takarda biyu cike da rubutu, dokokinsa ke nan. Na tsohuwar layi uku ne a ƙasa, su ma da biro aka ƙara, kamar an tuna da ita daga baya.

'Yar tsohuwar, wadda Anti ta ce in riƙa kira Madam, tana wani gari mai nisa, amma ta kafa kyamara a saman firji. Ranar farko ta fito a waya tana yi min bayani da Turanci mai gudu, Anti na tsinto min abin da ta iya. Kada a sa gwangwani a maikirowef, wuta zai yi. A juye a kwanon gilashi. A danna maɓalli kaza, ɗan kaɗan. Yana son abincinsa da ɗumi don ƙamshin ya tashi, hancinsa ya tsufa. Ƙamshi, in ji ta. Wani abu ne kamar laka da aka kwaɓa da hanta. Sai ta ɗaga yatsa ta nuna min yadda ake tsoma shi a ciki a ji zafi. Duk sauran bayanin da ƙyar na gane, wannan kuwa na gane shi sarai, sai na yi kamar ban gane ba. Na ce yes, yes. Yatsan da nake cin tuwo da shi, da nake jan carbi da shi. Na nemo cokali mafi tsawo a kicin ɗin na ware masa.

Satin farko lafiya lau. In buɗe sabon gwangwani daga kabad, in juye, in danna maɓallin da Anti ta nuna min, in tura kwanon da gefen takalmi. Ranar Laraba na zaunar da 'yata a kujerar cin abincin yara da tsohuwar ta sa aka fito da ita daga sito, ina riƙe da kofin kunu ina roƙonta kamar kullum. Kare ya zo ya kafa kai a kwanonsa yana ci yana tsaki yana gurnani. 'Yata ta leƙa. Ta zuba masa ido. Sai na ga bakinta ya buɗe yana motsi yadda nasa yake yi. Na zura cokali. Ta haɗiye. Na sake zurawa, ta haɗiye. Ban yi numfashi mai ƙarfi ba har kofin ya kai rabi. Kare na lashe kwano ya juya, ita ma ta datse baki.

Washegari haka, jibi haka. In ya ci ta ci, in ya tashi ta tashi. Ni da na yi wata da watanni ina waƙa, ina rawa, ina yin jirgin sama da cokali, ashe ba ni ake jira ba. Babanta ya yi dariya har da hawaye, ya ce ai jinin gidanmu ne, ba ma cin abinci sai da baƙo. Ni ban yi dariya ba. Na ɗaga ta na ji kamar, kamar dai ta ɗan yi nauyi.

To daga nan ne zuciyata ta yi laushi, kuma laushin ne ya ja min. Ranar Litinin ta sati na uku na buɗe firji na ga rabin gwangwani da mai aikin ƙarshen mako ta rufe ta ajiye. Kwanan abinci. A gidanmu abin da ya kwana ba a wasa da shi. Ɗumame sai ya tafasa, sai miya ta yi ɓul-ɓul tana tsalle, sai tururi ya rufe fuskar mai ɗumamawa. Inna takan ce mai ba mutum kwanan abinci da ɗumi-ɗumi ciwon ciki take nema masa, kuma raini ne. Na dubi ɗan tsohon nan da yake ciyar min da 'ya, na ce wallahi ba zan raina ka ba. Na juye a kwano, na ƙyale maɓallin Anti, na danna wanda nake ɗumama shinkafata da shi. Abu ya yi ta juyawa yana fashewa yana feshin bango. Na ce yawwa, yanzu ka zama abinci.

Na ajiye shi ya huce har tururi ya daina tashi. Samansa ya yi sanyi a ido, har ya ɗan bushe. Ban juya ba. Ban taɓa ba. Ashe na'urar nan munafuka ce, sai ta bar sama da sanyi ta ɓoye wuta a tsakiya. Kare ya zo da gudunsa na tsofaffi ya nutsa baki har hanci.

Ƙarar da ya yi ban taɓa jin irinta ba. Ya yi baya, ya zame a tayil, ya shige ƙarƙashin kujera yana kuka kamar jariri. 'Yata ta fashe da nata. Tsohuwar ta taso da sandarta tana kiran sunansa. Kafin in ɗebo ruwan sanyi waya ta fara ruri. Kyamarar nan ko bacci ba ta yi.

Aka kira mota. Ni, 'yar Inna, na zauna a bayan tasi da goyo a baya da kare a kwando a cinya, muka tafi asibitinsu. Asibitin ya fi wanda aka haife ni tsafta, har da kifaye a gilashi don marasa lafiya su riƙa kallo. Likitar, wata doguwa mai sanyin murya, ta haska bakinsa ta ce ƙunar ba ta yi zurfi ba, harshe ne da dasashi, zai warke. Ta yi min bayani a hankali da hannu da zane har na gane. Ɗumin jiki kawai ake so, kada ya wuce. Daƙiƙa kaɗan, a fito da shi, a juya sosai har ƙasa, a taɓa tsakiya. In ana tsoron na'urar, a sa kwanon cikin ruwan ɗumi ya ɗau zafi da kansa. Wanda ya kwana a firji a rufe lafiyarsa ƙalau, ba ya bukatar tafasa, abin da dai aka ɗumama ya rage ne ba a sake ajiyewa. Wato duk ilimin ɗumamen da na gada kaka da kakanni, a nan laifi ne.

Da muka dawo Madam ta yi magana mai tsawo a waya. Kalmar da na fi tsinta ita ce takarda, takarda, a jikin firji. Na ce sorry har bakina ya bushe. Tsohuwar ce ta karɓe wayar ta faɗi wani abu gajere ta kashe. Da na maimaita wa Anti yadda na ji shi, ta kwashe da dariya, ta ce tsohuwar cewa ta yi wa 'yarta, ke da ko ruwa ba ki taɓa zuba masa ba sai ta kyamara. Ba a kore ni ba. Amma ni ba korar ce ta hana ni sukuni ba.

Kare ya daina ci. Yana jin na'urar ta yi ƙara sai ya shige ƙarƙashin kujera. Yana ganin kwanon gilashin sai ya juya min baya. Ruwa kawai yake lasa, da ɗan abin da tsohuwar ke tura masa a can ƙarƙashi inda ba mai ganinsa. 'Yata kuma ta zauna a kujerarta tana leƙen wurin da kwanonsa yake zama. Ba kare, ba baki. Saura kwana tara awo.

Na ajiye mata madubi, ta kalli kanta ta kau da kai. Na durƙusa na yi haushi da kaina, ta dube ni yadda surukata take dubana. Babanta ya ce ko mu sayo namu karen ne, mu raɗa masa suna, a yi walima a gayyato liman. Na ce ya ci gaba da wasa, ranar da masu takarda suka ƙwanƙwasa shi zai buɗe ƙofa. Ya ɗaga ta, bai ce ta yi nauyi ba.

Kwana uku a haka na kira Inna.

"Inna, in yaro ya ƙona baki da abinci ya koma tsoron kwano, yaya ake yi?"

"Innalillahi! Kin ƙona min jika?"

"A'a, ɗan gidan da nake aiki ne."

"Shekararsa nawa?"

"Sha uku."

"Sha uku? Ƙato da shi yake tsoron kwano? Wannan wane irin sangartacce ne?"

"Ɗan auta ne, Inna. Ba shi da haƙora sosai."

"Allah sarki, ashe mai lalura ne. To ki ji. Kwanon da ya ƙona shi ki ɓoye, kada ya sake ganinsa. Kada ki tsaya a kansa kamar 'yar sanda, ki zauna a ƙasa daidai shi. Ki taɓa abincin a gabansa ya ga bai cije ki ba. Ke ma haka na yi miki da kika faɗa wa kunun kanwa. Kuma ki riƙa yi masa addu'a, lada ne."

Washegari na ɓoye kwanon gilashin a bayan tukwane. Na cire wayar na'urar daga bango don kada ta yi ko tari. Na tara ruwan ɗumi daga famfo a roba, na zuba abincin a ƙaramin kofi na tangaran, na zaunar da shi a ciki ina juyawa da dogon cokalina. Ya ɗau lokaci. Warin ya tashi a hankali, ya ratsa kicin ya shiga falo. Na juye a faranti mai faɗi, na zauna dirshan a tayil, na jawo kujerar 'yata kusa. Sai ga hanci ya leƙo daga ƙarƙashin kujera.

Saura taɓawa. Na dubi yatsana na dama na ce kai dai ba ruwanka. Na naɗe hannun riga na hagu, na ɗiga abin a cikin wuyan hannu, wurin da nake gwada madarar 'yata. Ba zafi, ba sanyi, kamar ba a sa komai ba. Na miƙa hannun gaba don ya gani, yadda Inna ta ce. Ni gani na ce ya yi. Shi kuma ya tako a hankali, ya shinshina, ya fito da harshensa mai ciwo ya lashe min hannu tas.

Na ji salati ya taho har maƙogwaro, na danne shi, don a daidai lokacin ya sunkuya kan farantin ya fara ci. Na ji motsi a gefena. Bakin 'yata a buɗe. Na riƙe hannun hagu can nesa da jikina kamar na aro shi, na ɗau cokalinta da dama. Kofi guda ta shanye, har tana buga kujera.

Bayan nan na tsaya a bakin famfo na wanke hannu sau bakwai, ɗaya da ƙasa, yadda aka koya mana a islamiyya. A hawa na goma sha huɗu ƙasa ba ta da yawa. Tukunyar furen tsohuwar da ke taga na ɗan yakuta. Ba a jima ba waya ta yi ruri, Madam tana so ta san me ya sa nake wanka da ƙasar fure. Tsohuwar ta ce mata maganin gargajiya ne, kare ma ya ci abinci, ta je ta yi aikinta. Daga baya na sayo safar hannu ta roba, sai na ga ba a jin ɗumi da ita. Na koma wuyan hannu. Furen nan dai har na bar gidan bai ƙara tsawo ba.

Sauran matsalar Asabar da Lahadi ce, da ba ma zuwa. Ranar Juma'a na ɗauki karen a waya yana cin abinci tun daga farko har lashe faranti. A gida Babanta, mutumin da yake tsallaka titi in ya hango kare, shi ne mai riƙe waya a gaban 'yarsa yana maimaita hoton, gurnani na tashi a falonmu, ni ina zura cokali. Anti ta shigo aron albasa ta same mu a haka. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, sabon wa'azi ne?" Ya ce ta rufe ƙofa iska na shigowa.

Ranar awo na cire mata komai da kaina, har ɗan kunne, don kada a ce na yi maguɗi. Nas ta ɗora ta. Lamba ta yi rawa ta tsaya. Ta duba takarda ta sa sabon ɗigo, ya ɗaga sama da na da, bai taɓa layin ba amma ya kama hanyarsa. Ta yi murmushi ta ce wani abu. Tafintan, wani mai Hausar Nijar, ya ce, "Madame, an ce ta ƙaru, sai wata biyu za ki dawo. Ana tambaya mi kika canza?"

Na yi tunanin yadda maganar za ta bi ta bakinsa, ta fita daga wayar nan, ta hau jirgi, ta riga ni isa ɗakin wanki. Na ce ya gaya mata na daina ba ta abinci ita kaɗai, yanzu da abokin ci take ci. Nas ta ce madalla, yara suna son ganin 'yan uwansu suna ci. Na ce ƙwarai kuwa.

A jirgi na kira Inna na gaya mata. Ta yi hamdala ta yi guɗa har na rage murya. Kafin ta kashe ta ce, "Af, yaron nan mai tsoron kwano fa?"

Na ce ya warke, yana ci har yana lashe faranti.

"To ki shafa min kansa."

Na ce sai dai in gaya masa.